Talaka a Adabin Neman Sauyi: Mai Magana Ne Ko Ɗan Amshi?

A farkon watan Agusta na 2024 matasa suka fito kan tituna a garuruwa da dama na ƙasar nan, har da nan Zariya. Kukansu bai ɓoyu ga kowa ba: tsadar abinci, janye tallafin man fetur da aka yi a watan Mayu na 2023, kuɗin da ake kashe wa masu mulki, da kuma yadda ake gudanar da zaɓe. Ranar 5 ga watan gwamnatin Jihar Kaduna ta sa dokar hana fita a Kaduna da Zariya. Washegari harsashin soja ya kashe wani yaro matashi a Samaru, rundunar soja kuma ta amsa cewa ɗanta ne ya yi harbin. Duk wanda ya kasa kunne a kwanakin nan ya ji cewa a ƙarƙashin maganar masara da shinkafa akwai wata magana, wato mutane na so a riƙa jin ta bakinsu kafin a yanke abin da ya shafi rayuwarsu.

Bayan ƙura ta lafa, waƙoƙi da gajerun labarai na 'yan'uwa masu tasowa suka riƙa biyowa ta hannuna don in duba. Na karanta su da zumuɗi, amma na ajiye su da damuwa. Kusan dukkansu suna kiran a bai wa talaka 'yancin magana, sai dai a cikinsu babu inda talakan ya buɗe baki ya faɗi wani abu nasa na kansa. Marubuci ne ke magana tun daga basmala har tammat. Talaka kuwa ko dai ana yi masa kuka, ko ana yi masa faɗa. Idan an ga dama aka ba shi layi ɗaya, to na cewa "gaskiya ne, malam" ne. Wannan shi ya sa na ɗauki alƙalami, domin a nawa ganin rubutun da ke neman a dama da kowa a harkar mulki, amma shi kansa bai dama da kowa a cikin zubinsa ba, ya yi tufka da warwara.

Gadon da muka tarar

Wannan ɗabi'a ba daga sama ta faɗo mana ba. Rubutacciyar waƙar Hausa ta yi ƙarfi ne a hannun malaman jihadi na ƙarni na 19, kuma aikinta na farko shi ne wa'azi da karantarwa: masani a sama, mai saurare a ƙasa. Da siyasar jam'iyyu ta zo, sai mawaƙa suka zuba sabon jigo a tsohon mazubi. Malam Sa'adu Zungur, wanda ya yi koyarwa a nan Zariya a farkon shekarun 1940, ya kuma tara 'yan boko a ƙungiyar tattauna al'amuran Arewa, ya rubuta "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya" yana jan kunnen sarakuna da su gyara kafin zamani ya gyara su. Bayan an kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, irin su Gambo Hawaja da Aƙilu Aliyu da Mudi Sipikin suka mai da waƙa makami. Babu mai musun aikin da waƙoƙin nan suka yi. A lokacin da masu karatun boko ba su taka kara sun karya ba, waƙa ce jaridar talaka, ita ce kuma makarantarsa ta siyasa.

Akwai ma wani abin koyi a nan da ba a cika kula da shi ba. Mudi Sipikin bai haɗiye ra'ayin Sa'adu Zungur ɗungurungum ba, sai ya mayar masa da martani da waƙar "Arewa Jumhuriya Kawai". Ke nan an yi muhawara ta gaske a cikin baitoci, kowa ya kawo hujjarsa. Amma fa muhawarar tsakanin masana biyu ce. Manomin da ake biyan haraji da guminsa, da matar da ko ƙuri'a ba ta da ita, suna gefe suna saurare.

Da aka zo ga ƙagaggun labarai, Sulaiman Ibrahim Katsina na cikin waɗanda suka buɗe ƙofar jigon siyasa da Turmin Danya (1982) da Tura Ta Kai Bango (1983), a daidai lokacin da jam'iyyar PRP ta soke haraji da jangali a jihohin Kano da Kaduna, aka kuma tsige Gwamna Balarabe Musa a watan Yuni na 1981. Ya nuna cewa labari zai iya ɗaukar nauyin cin hanci da rikicin jam'iyya. Mu da muka biyo baya sai muka ɗauki jigon, muka haɗa shi da salon wa'azi, muka haifar da wani tauraro guda da ke yawo daga littafi zuwa littafi: saurayi mai ilmi, mai gaskiya, wanda ya dawo daga jami'a ya tarar da mutanen garinsu a cikin duhu, ya hau kan benci ya yi musu jawabi shafi uku, su kuma suka tafa. Sunansu a littafin "jama'a". Ba su da sunan yanka, ba su da sana'a, ba su da gardama.

Bahaushe na kiran majalisar da ba ta musu da "'yan amshin Shata". Muna yi wa 'yan majalisa dariya da wannan suna, alhali 'yan amshi muka cika littattafanmu da su.

Cutar ba ta marubuta kaɗai ba ce. Kwamitin da ya tsara daftarin tsarin mulki a 1975 zuwa 1976 mutum 49 ne, babu mace ko ɗaya. Biyu daga cikinsu, Dokta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello da ke nan Samaru da Dokta Segun Osoba, suka rubuta rahoton marasa rinjaye, gwamnati ba ta karɓa ba. Tsarin mulkin 1999 kuwa ya buɗe da sunan al'ummar Nijeriya ne, amma da dokar soja aka kafa shi, ba a kai shi gaban al'ummar sun ce e ko a'a ba. Rubutu ne da ke magana da yawun mutanen da ba a tambaya ba. Marubucin da ke sukar wannan, ya kamata ya duba ko ba haka nasa littafin yake ba.

Wadda ta taso daga cikin masu saurare

Tarihin Sabon Gari ya isa ya nuna mana cewa talakan gaskiya ya fi na littattafanmu baki. Hajiya Gambo Sawaba, wadda aka haifa a 1933 ta rasu a watan Oktoba na 2001, karatun bokonta bai wuce na firamare ba. Ta shiga NEPU tana da shekara 17, lokacin da shiga jam'iyyar a Zariya sai a ɓoye. Masu ba da tarihinta sun ce a wani taron lacca ne ta taso daga cikin masu saurare ta hau dandali ta yi magana, maza na kallo. Daga nan ta zama shugabar matan jam'iyyar, ta je Abeokuta ta gana da Funmilayo Ransome-Kuti, ta riƙa shiga gidaje tana yi wa matan kulle bayanin siyasa, ta sha duka da ɗauri har ana ƙirga mata shiga kurkuku sau 16. Babban abin da ta nema shi ne ƙuri'ar mata, wadda matan Arewa ba su samu ba sai a 1976, shekaru da dama bayan takwarorinsu na Kudu.

A lura da abin da ya faru a wancan taro. Tsarin da aka shirya shi ne wasu su yi magana, wasu su saurara. Ita kuwa ta ƙetare layin da ya raba biyun. Wannan ƙetarewa ita ce zuciyar abin da ake kira mulkin da ake damawa da kowa. Gwamnati ta sa sunanta a asibitin Ƙofar Gayan, Rima Shawulu ya rubuta tarihinta da Turanci. Mu fa? Ina matar da ta yi kama da ita a ƙagaggun labaranmu, mai tsiwa, mai kuskure, mai ciyar da almajirai da marasa galihu a gidanta, mai ba alƙali amsa? Matan littattafanmu na siyasa ko dai uwar tauraro ce mai addu'a, ko budurwarsa mai jiran ya fito daga kurkuku.

Gwajin da aka yi a Samaru

Wurin da aka ɗauki wannan matsala ta zubi da gaske, aka yi ƙoƙarin warware ta, yana nan kusa da mu. A 1975 aka fara koyar da wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello a ƙarƙashin Michael Etherton. Ko dandalin da aka gina don aikin ya bambanta da na Turai. Da jar ƙasa aka yi shi, ɗakuna zagaye da fili kamar tsakar gidan Bahaushe, bisa zanen wani maginin Amurka mai suna Steven Ehrlich. Babu labule, babu wani dogon tudu da ya raba ɗan wasa da ɗan kallo.

Daga nan malamai da ɗalibai, cikinsu har da Brian Crow da Salihu Bappa da Oga Steve Abah, suka fita daga harabar jami'a. A 1977 aka yi Wasan Manoma a ƙasar Soba, a zamanin da gwamnatin Obasanjo ke yayata shirinta na ciyar da ƙasa. A 1979 aka je Maska. Daga 1980 aka shiga Bomo, maƙwabciyar Basawa, aka kuma fara aikin Samaru, inda ɗalibai ke shiga unguwanni su tambayi mutane abin da ke damunsu, su gina wasa a kai, su dawo su nuna shi a fili ba tare da kuɗin shiga ba. Tunanin ya samo ruwa daga mutanen Birazil biyu. Paulo Freire ya soki irin karantarwar da ke ɗaukar ɗalibi tamkar asusu, malami na zuba masa ilmi. Augusto Boal kuwa ya ce ɗan kallo ya daina zama ɗan kallo kawai, a tsayar da wasa a tsakiya ya shigo ya gwada tasa dabarar.

Bari in kawo misali na kaina don a gane yadda dabarar ke aiki. A ce wasan a kan rabon takin zamani ne. An nuna manomi ya rubuta suna tun bazara, taki ya zo, ya bi ta bayan gida zuwa kasuwa, manomi ya koma hannu rabbana. A irin namu rubutun, nan ne tauraro zai fito ya yi jawabi. A wancan tsari kuwa nan ake tsayawa a tambayi 'yan kallo: me ya kamata mutumin nan ya yi? Wani ya ce ya kai ƙara wurin dagaci. Sai a ce bismilla, zo ka zama shi, ga dagaci nan. Ya shiga, mai fitowa a dagaci ya yi masa irin abin da kowa ya san ana yi, mutane su fashe da dariya don sun gane. Wata ta ce ai mutum ɗaya ba ya iyawa, a tafi a ƙungiyance. A gwada wannan ma, a ga inda zai tsaya. Kafin a tashi, mutanen gari sun yi muhawara da bakinsu a kan wa ke da iko da me, wa ke tsoron wa, kuma ina ƙofa take. Ba a ba su amsa ba, an ba su fili.

Masu mulki sun san nauyin irin wannan fili. A Kenya, bayan manoma da ma'aikatan ƙauyen Kamiriithu sun shirya wasa da harshensu na Kikuyu tare da Ngugi wa Thiong'o, an tsare shi a ƙarshen 1977 ba tare da shari'a ba, a 1982 kuma aka rushe dandalin da mutanen suka gina da hannunsu. Shi kuwa Boal, da aka zaɓe shi kansila a birnin Riyo, ya yi amfani da wasan wajen tattara shawarwarin unguwanni tsakanin 1993 da 1996, har dokoki 13 suka fito ta wannan hanya.

Inda gwajin ya yi tuntuɓe

Tarke ba kirari ba ne, don haka dole a faɗi inda aikin Samaru ya gaza, kuma masu aikin da kansu sun rubuta wasu daga cikin waɗannan kurakurai. Na farko, a yawancin lokuta ɗalibai ne ke tattara bayani, su koma cikin jami'a su dafa wasan, su kawo wa mutane a dafe. An ɗebi muryar talaka, amma wani ne ya tace ta. Wannan ne ya sa daga baya aka matsa ga sa mutanen gari su shiga ƙirƙirar wasan tun daga tushe. Na biyu, aikin darasi ne mai maki. Zango ya ƙare, ɗalibai su watse, kwatar da aka yi wasa a kanta tana nan tana wari, baɗi wasu sababbi su zo su sake tambayar mutane abin da ke damunsu. Mutum kuwa yakan gaji da faɗin ciwonsa ga likitan da ba ya ba da magani. Na uku, ɗalibai da yawa ba su jin Hausa sosai, kuma kusan duk abin da aka rubuta game da aikin da Turanci aka rubuta shi, a mujallun masana. Manomin Bomo da ya ba da labarinsa ba zai iya karanta abin da aka ce ya ce ba.

Wannan giɓi na uku namu ne. Tsakanin ƙofar jami'a da kasuwar Samaru titi ɗaya ne, amma dabarar da aka gwada a can ba ta tsallako cikin rubutun Hausa yadda ya kamata ba. Garin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, garin Kamfanin Gaskiya da NORLA da NNPC, bai kamata marubutansa su bar wannan gado a hannun masu Turanci kaɗai ba.

Me ya rage ga marubuci?

Wani zai ce littafi ba dandali ba ne, ba a tsayar da shi a tsakiya mai karatu ya shigo, kuma ƙarfin waƙa yana cikin murya guda mai ratsa zuciya. Na yarda. Ban ce marubuci ya ajiye ra'ayinsa ba, ban kuma ce a daina waƙar gargaɗi ba. Abin da nake cewa shi ne ra'ayin da bai gamu da abokin karawa a cikin littafi ba, ba zai iya tsayawa a wajen littafi ba. Akwai abubuwa huɗu da nake ganin za su taimaka.

Na ɗaya, a fita a saurara kafin a rubuta. Teburin mai shayi a Palladan, inuwar 'yan acaɓa a Kwangila, layin masu jiran ruwa, gidan suna, duk makarantu ne. Sabon Gari tun zuwan jirgin ƙasa a farkon shekarun 1910 matattara ce ta Hausawa da Yarbawa da Ibo da Nufawa da sauransu, kowa da irin Hausarsa. Littafin da duk mutanensa ke magana da Hausar marubuci ya nuna marubucin kansa kawai ya saurara.

Na biyu, a bai wa wanda ba a yarda da shi ba hujjarsa cikakkiya. Matar da ta karɓi taliya da sabulu ranar zaɓe, mun saba kiranta jahila. A bar ta ta yi magana mana. Wataƙila ta ce wannan ne kaɗai abin da ta taɓa gani daga hannun gwamnati a shekara huɗu, kuma wanda bai ba ta komai ba shi ma da ya hau bai dawo ba. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, cikin mutum sama da miliyan 93 da suka yi rajista, waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su kai kashi 30 cikin 100 ba. Sauran ba bebaye ba ne. Haka yaran da suka ɗaga tutar Rasha a Kano da Kaduna a 2024, wasu har suna kiran soja su dawo: kafin a la'ance su a baiti, a tambaya me ya sa wanda ke neman a ji muryarsa yake kiran mulkin da ba ya jin muryar kowa. Labari na nan a cikin wannan tambaya.

Na uku, a koyi rubuta taro. Jawabi da sauƙin rubutawa, taro kuwa sai gwani: mutum bakwai, kowa da bukatarsa, wani na tsoron mai gidan haya, wata na sauri ta koma ga tukunya, dattijo na ganin yara sun raina shi, amma dole a tashi da shawara guda. A kwamitin masallaci, da ƙungiyar iyaye da malamai, da adashin mata, da ƙungiyar 'yan kasuwa, kullum mutanenmu na yin wannan aiki. Nan dimokuraɗiyya take da rai, nan kuma wasan kwaikwayo yake kwance yana jiran mai ɗauka.

Na huɗu, a san yadda injin mulki ke juyawa. Marubuci ya san aikin kansila, ya san ta inda kuɗin ƙaramar hukuma ke biyowa, ya san cewa a watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ya san dokar 2018 da ta rage shekarun tsayawa takarar majalisar wakilai daga 30 zuwa 25. Idan ba haka ba, azzaluminsa zai zama dodon tatsuniya, maganinsa kuma ya zama addu'a da tsinuwa kawai.

Kammalawa

Shawarata ta ƙarshe ga reshenmu ita ce, karatun da muke yi wa juna a ɗaki, mu riƙa fitar da shi waje lokaci-lokaci. Wanda ya rubuta labarin 'yan acaɓa ya je inuwarsu ya karanta musu, ya tsaya kafin ƙarshe ya tambaye su yadda suke ganin za ta kaya. Za su yi masa dariya a inda ya yi ƙarya, za su yi tsit a inda ya taɓa gaskiya, watakila ma wani ya ce masa, "Malam, ai ba haka ake yi ba, kawo in gaya maka." Ranar da marubuci ya ji wannan magana bai fusata ba, ya ciro biro ya gyara, ranar ce ya fara aikata abin da yake nema daga masu mulki. Allah ya ba mu kunnen saurare kafin ya ƙara mana kaifin alƙalami, amin.